Wa Ya Ƙidaya Shanun Bogo?

Ran Alhamis kasuwar Bogo take ci. Tun da asuba ƙura takan tashi daga wajen kara, a ji kukan shanu da ihun makiyaya, masu ƙosai da masu shayi kuwa sun riga sun hura wuta. Garin yana bakin rafin Mayo Tsanaga, kusan kilomita 40 daga Marwa, a jihar Arewa Mai Nisa ta ƙasar Kamaru, kan hanyar da ta nufi Maga da kogin Logon. Shanun da suke shiga kara ba na ƙasar Diyamare kaɗai ba ne. Akwai waɗanda aka koro tun daga Chadi, da yawa daga cikinsu kuma a Nijeriya tafiyarsu za ta ƙare.

A wata Alhamis irin wannan wani dattijo manomi ya jawo bijiminsa na huɗa ya kawo kasuwa. Ba yunwa ce ta sa shi ba, gama masakwa ta yi kyau a shekarar. Ɗansa ne ya gama digiri na fari, ya kuma sami shiga karatun digiri na biyu, wanda a can suke ce wa mastar. Kawun yaron dillali ne a kara, shi ya yi cinikin, ya kuma yafe la'adarsa. Sa'ad da aka ƙirga kuɗin aka danƙa wa saurayin, uban ya ce, "Ga shi nan. Ban san abin da za ka sayo da shi ba, amma ka sayo mai kyau."

Saurayin bai sha wahalar zaɓen abin da zai yi bincike a kai ba. Ya ce zai rubuta kundinsa a kan cinikin shanu a kasuwar Bogo. Ai a nan ya girma. Tun yana ɗan shekara goma yake riƙe wa kawunsa igiya, yana kai wa baƙi ruwa. A zuciyarsa yana ganin ya riga ya san al'amarin, abin da ya rage kawai shi ne ya samo sunayen manyan marubuta ya jera a ƙasan kowane shafi, domin aikin ya yi kama da na masu ilimi.

Ba da daɗewa ba ne ɗan arewacin Kamaru ya fara samun irin wannan karatu kusa da gida. Har zuwa 1993 jami'a ɗaya ce tak a ƙasar, a Yawunde. Wanda ya fito daga Bogo sai ya bi mota ta Marwa da Garwa har Ngaundare, sa'an nan ya kwana cikin jirgin ƙasa kafin ya ga ƙofar aji. A 1993 aka mai da cibiyar da take Dang, kusa da Ngaundare, ta zama cikakkiyar jami'a. Ta Marwa ta biyo baya a 2008, ta Garwa kuma a 2022. A ɗaya daga cikin jami'o'in nan na arewa saurayin ya yi karatunsa, yana kuma cikin waɗanda suka sami ƙaramar kwamfutar nan da gwamnati ta fara raba wa ɗalibai a ƙarshen 2017.

Ya kamata a faɗi yadda ɗalibai irinsa suke zaɓen abin da za su karanta, gama ba shi kaɗai ba ne. Ba a farawa da tambayar wane ne ya fi sanin al'amarin. Ana farawa da abin da hannu ya fi saurin kaiwa. Na fari shi ne kundin wanda ya riga ka gamawa. An riga an kare shi gaban malamai, an ba shi maki, saboda haka ɗalibi yana ganin duk abin da yake ciki ya zama halal. Bayan wannan sai ɗan ƙaramin filashin nan da yake zagaya ɗakunan kwana daga hannu zuwa hannu, cike da takardu ɗari-ɗari, waɗansu ba shafin farko, waɗansu ba sunan marubuci, ba shekara. Sa'an nan Google, inda ake tsayawa a amsa uku ko huɗu na sama, muddin da Faransanci suke, muddin kuma ba a ce a biya ba. Jerin littattafan da malami ya bayar yakan zo daga ƙarshe, a kwafe sunayensu ko da ba a taɓa ganin bangonsu ba.

Ɗakin karatu na jami'a fa? Kullum a cike yake, har ana rigegeniyar kujera. Amma in aka duba da kyau, yawancin masu zama ba littafi suka zo nema ba. Inuwa suka zo nema, da fanka, da wurin sa waya ko kwamfuta a caji, musamman a watan Maris da Afrilu sa'ad da zafi yake wuce awo 40. Saurayin da kansa ya yi wata huɗu yana zama a kujera guda kusa da taga, bai taɓa ɗaga littafi daga kanta ba.

Mai karatu kada ya yi saurin cewa ragwanci ne. Littafin da aka buga a Faransa yakan ci kuɗin abincin ɗalibi na wata guda. Fotokofi dala biyar ne shafi ɗaya, watau sefa 25, kundi mai shafi ɗari kuwa ya cinye kuɗin makon. Wuta tana ɗaukewa, intanet ana sayenta ne da awo kamar man gyaɗa. Wanda yake da ƙishi, rijiyar da take kusa yake zuwa. Laifinsa ɗaya ne, bai leƙa ya ga abin da ya faɗa cikinta ba.

Ya rubuta shafi arba'in ya kai wa malamin da yake duba aikinsa. Bayan mako biyu aka mayar masa. Ya yi tsammanin zai tarar da jan biro ko'ina, sai ya ga kusan babu kome. A shafi na uku kaɗai aka zagaye wani adadi, watau yawan shanun da aka ce ana sayarwa a Bogo kowace shekara. A gefe an rubuta kalma uku: wa ya ƙidaya?

Ya tafi ofishin malamin ya ce, "Ranka ya daɗe, a cikin kundi na gan shi. Ga sunan mai kundin a ƙasa."

Malamin ya ce, "Na san kundin. Ina zaune a kan teburin ran da aka kare shi, ban kuwa lura ba, wannan laifina ne. Amma mai kundin bai taɓa kwana a Bogo ba. Kai ɗan garin ne. Wa ya ƙidaya?"

Saurayin ya fita ransa a ɓace. Yana ganin an sa shi neman allura cikin rairayi saboda lamba guda. Amma ba shi da wata hanya, gama dukan babi na biyu a kan adadin nan ya ɗora shi.

Akwai wata ma'aikaciya a ɗakin karatun, dattijuwa, ta kusa barin aiki. Ɗalibai ba su san ta da kome ba sai cewa ita ce mai faɗin a ajiye jaka a bakin ƙofa. Wurinta ya je, ba don yana sa rai ba, sai don ita take riƙe da makullin ɗakin da ake ajiye tsofaffin kundaye. Da ya gaya mata abin da yake nema, sai ta cire tabarau ta dube shi.

"Wata nawa kana zama a kujerar can ta taga?"

"Huɗu, Madam."

"Sai yau ka san ina da baki. Zauna, ɗana. Kawo kundin."

Kwana uku suka yi suna bin sawun adadin kamar masu bin sawun ɓatacciyar saniya. Kundin da ya kwafa ya ce daga wani kundi ya ɗauko. Suka ciro wannan, shi ma ya nuna wani na uku, wanda ya girme shi da shekaru. Na ukun ya ambaci wani rahoto, ya ma rubuta sunan mai rahoton ba daidai ba. Rahoton ba ya cikin rajista. Ita ce ta tuna da waɗansu kwalaye da aka kawo tun tuni daga wani ofishi da aka rufe, ba a taɓa samun wanda zai jera su ba. A cikin kwali na biyu suka same shi, bugun tafireta, gara ta ci gefensa.

Ashe mai rahoton ya yi aikinsa da gaskiya. Ya tsaya a bakin kara 'yan Alhamis kaɗan, bayan kaka, lokacin da kasuwa take cika maƙil, ya ƙirga abin da idonsa ya gani. Ya kuma rubuta a fili cewa kada a ɗauki wannan a matsayin lissafin shekara, gama da damina kasuwar takan ragu ƙwarai. Mai kundi na uku ya tsallake gargaɗin, ya ninka adadin sau 52. Na biyu ya ga lambar tana da ɗan wutsiya, ya cike ta zuwa sama domin ta yi daɗin faɗi. Na farin kuwa ya yar da shekarar, ya rubuta "a halin yanzu". Alhali an yi ƙirgar tun kafin a haifi saurayin, tun ma kafin annobar bushiya ta 1983 wadda ta karkashe shanu a Chadi da Kamaru da Nijeriya.

A cikin mutum ukun nan babu wanda ya zauna da nufin yin ƙarya. Kowanne ya amince da na gabansa ne, ya ɗan gyara kaɗan. Haka jita-jita take tafiya a bakin rijiya, sai dai wannan ta sa riga da hula, tana da lambar shafi. Tsakanin ran da aka yi ƙirgar da ran da saurayin ya kwafe ta, bushiya ta wuce, farin 1984 ya wuce, an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, daga 2014 kuma rikicin Boko Haram ya toshe hanyoyin kan iyaka na Banki da Gamboru. Duk wannan bai taɓa adadin ba. Yana nan zaune a shafi na uku kamar dutse.

Dattijuwar ba ta tsaya nan ba. Ta jawo shi gaban kwamfutar ofis ta ce ya rubuta sunan garinsu a wata ma'ajiya ta intanet mai suna Horizon. Ma'ajiyar ta hukumar binciken Faransa ce da a dā ake kira ORSTOM, wadda ta koma IRD a 1998, ana kuwa karanta dubban takardunta kyauta. Ya rubuta Bogo. Abin da ya fara fitowa ya ba shi mamaki. Rafin nan da yake wanka a ciki yana yaro, wanda yake bushewa ƙayau da rani, ashe masana ruwa sun kafa ma'auni a kansa a Bogo, sun yi shekaru suna rubuta hawansa da saukarsa da yawan laka da yake kwasowa daga duwatsun Mandara. Ta nuna masa babban littafin taswirori na jihar Arewa Mai Nisa, wanda Christian Seignobos da Olivier Iyébi-Mandjek suka shirya aka buga a 2000. Ga ƙasar karal inda ubansa yake dasa masakwa, ga burtalai, ga kasuwanni. Shekara da shekaru littafin yana nan a buɗe ga duk mai so, shi kuwa yana kwafe ragowar takardu marasa kai daga filashi.

Daga nan ya fara gane wani abin da ba a koya masa a aji ba, cewa labarin ƙasarsu a warwatse yake cikin duniya. Kafin zuwan Turawa lamidocin Diyamare suna ƙarƙashin Yola ne. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya zauna a Balda, kusa da Bogo, a shekarun 1880, saboda haka mai son labarin wannan zamani sai ya waiwayi abin da aka rubuta a Nijeriya, da Larabci da Ingilishi. Jamusawa sun ci Marwa a 1902, takardunsu suna Yawunde da Balin, da Jamusanci. Bayan 1916 Faransawa suka karɓa, nasu kuma suna Yawunde da Faransa. Sai kuma Eldridge Mohammadou, wanda aka haifa a Garwa a 1934, ya rasu a Maiduguri a 2004. Mutumin nan ya ƙare yawancin ransa yana yawo fada zuwa fada da na'urar ɗaukar magana, yana zama gaban tsofaffi, yana rubuta abin da suka faɗa da Fulatanci. Littafinsa a kan lamidocin Diyamare da Mayo Luti an buga shi a 1988, ba a Marwa ba, ba a Yawunde ba, a Tokiyo ta ƙasar Japan. Maganar da dattawan ƙasar suka yi a zaure sai da ta ƙetare teku kafin ta zama littafi, jikokinsu kuwa da ƙyar suke samun kofi guda.

A nan harshe yake yi wa ɗalibi shinge. Saurayin yana jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, amma duk takardar da ta fito da Ingilishi yakan tsallake ta, ko da yake ƙasarsa tana da harsunan gwamnati biyu. Shanun kuwa ba su san wannan shinge ba. Daga ƙasar Faransanci suke fitowa, a ƙasar Ingilishi ake yanka su. Wanda ya karanta rabi ɗaya kaɗai, ya ga saniya daga ƙaho zuwa tozo ne, bai ga sauran ba.

Ta koya masa kuma yadda ake auna takarda kafin a dogara gare ta. Ba ta ba shi dokoki a jere ba, misali ta ba shi. Ta ce, a ce ga lissafin shanu biyu na gunduma ɗaya a shekara ɗaya, ɗaya daga mai karɓar harajin shanu, watau jangali, ɗaya daga malamin dabbobi mai yin allura. Wanne zai fi yawa? Saurayin ya yi dariya, gama wannan ya sani tun yana yaro. Ran jangali rabin garke yakan ɓace cikin daji, ran allura kuwa, in annoba tana kusa, har maraƙin jiya ana kawowa. Ta ce, "To, ka ga dukansu takardun gwamnati ne, da hatimi. Kafin ka tambayi abin da takarda ta ce, ka tambayi wanda ya rubuta ta, da abin da yake nema a ranar, da abin da mutane suke tsoro sa'ad da suka gan shi."

Sa'an nan ta jawo aljihun teburinta ta ciro wata 'yar takarda. Kalmar sirri ce ta shiga AGORA, shirin da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe a 2003 domin jami'o'in ƙasashe marasa ƙarfi su iya karanta mujallun kimiyyar noma da kiwo ba tare da biyan kuɗin da ake biya a Turai ba. Ta ce a shekara ba ta samun mutum goma da suke tambaya. Gaskiya kuwa laifin ba na ɗalibai kaɗai ba ne. An taɓa manna sanarwa a bango sau ɗaya, ruwan sama ya tafi da ita, ba a sake ba. Malamai da yawa ba su taɓa turo ɗalibi wurinta ba. Sabon ɗalibi akan nuna masa ƙofar ɗakin karatu da dokar ajiye jaka, shi ke nan. Yana fita da tunanin cewa ɗakin karatu gini ne mai kantoci, in abin da yake nema ba ya kan kanta, to, babu shi.

A cikin mujallun bai sami kome sosai a kan Bogo ba. Abin da ya samu ya fi wannan amfani a gare shi: yadda waɗansu suka ƙidaya dabbobi a kasuwannin Nijar da Mali da arewacin Nijeriya, inda suka tsaya, da irin kuskuren da suka ce sun yi. Da ƙamus a gefe ya karanta su, shafi biyu a yini.

Ya koma Bogo da littafin rubutu. Wannan ne ya fi yi masa nauyi, gama yana jin kunya a gan shi, mai digiri, yana tambayar abin da yara masu riƙon igiya suka sani. Kawunsa na hango shi ya ɗaga murya, "A'a, Dokta! Yau kuma da biro aka shigo kara?"

"Kawu, shanu nawa ake sayarwa a nan ran Alhamis?"

"Waɗanne? Waɗanda suka shigo, ko waɗanda aka sayar, ko waɗanda aka yanka wa tikiti?"

"Ba ɗaya ba ne?"

Kawun ya yi dariya har ya dafa kafaɗar na kusa da shi. Sa'an nan ya zaunar da shi a inuwa ya warware masa. Tun daren Laraba ake fara ciniki a gidajen fatoma, inda baƙi suke sauka, waɗansu garkuna ma ba sa taka kara, daga bayan gari ake sallamawa su wuce. Sa guda yana iya sake hannu sau uku kafin la'asar, in an bi tikiti sai a ce shanu uku ne. Wani kuma ya shigo Alhamis huɗu a jere ba a saye shi ba, mai tsayawa a ƙofa ya ƙirga shi sau huɗu. Mahauta suna ɗauka bashi, a biya mako mai zuwa, ba takarda sai shaidar dillali. Da hanyar Banki ta toshe, in ji shi, fatake suka riƙa zagayawa ta kudu, kuɗin tafiya ya ƙaru, farashi a hannun makiyayi ya faɗi, waɗansu manyan masu saye daga Nijeriya ba a sake ganinsu ba sai bayan shekaru. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a kundaye ukun nan.

Amma saurayin ya riga ya koyi abu. Da dare ya sake duba abin da ya rubuta daga bakin kawunsa, ya tuna cewa tun yana yaro bai taɓa jin dillali ya ce kasuwa ta yi kyau ba. Kullum ta mutu, kullum bara ta fi bana. Kawu ma yana da abin da yake nema, yana da wanda yake tsoro. Saboda haka ya je wurin malamin dabbobi ya roƙa a bar shi ya duba rajistar takardun wucewa. Ya je wurin masu yankan tikiti. Ya gai da sarkin shanu na fadar lamido, tsoho mai tunawa da shekarar bushiya kamar jiya. Sa'an nan ya ɗauki ƙannensa biyu ya tsayar da su a hanyoyin shiga, shi ya tsaya a ta uku, suna jan layi a takarda, kowace saniya layi guda. Wata rana garke ya firgita ya watse, lissafin safiyar ya lalace, ya rubuta hakanan a littafinsa. Ya yi ta yi daga kaka har bazara, ya ƙi tsayawa sai ya ga damina, gama a nan ne na farko ya yi gargaɗi aka ƙi ji.

Wannan ya ci masa lokaci. Abokan ajinsa suka kare kundayensu, aka ɗauki hotuna, waɗansu da adadin nan na shafi na uku a ciki. Shi kuwa sai ya sake biyan kuɗin rajista na wata shekara. A watan Oktoba yana cikin karal tare da ubansa suna dasa masakwa, uban yana huda ƙasa da sanda, shi yana zuba ruwa yana sa dashe. Ba tare da ya ɗaga kai ba uban ya ce, "An ce abokanka sun gama."

"Sun gama, Baba."

"Kai fa?"

"Lissafin da na ɗauka a littafi ba daidai ba ne. Ina sake ƙirgawa da kaina."

Uban ya huda rami uku ko huɗu bai ce kome ba. Can ya ce, "Wanda ya rubuta na littafin, an kama shi?"

"Ba a kama kowa, Baba."

"To." Bai ƙara magana ba har suka tashi. A makon nan uwar ta ba da raguna biyu da take turke domin a kai kasuwa. Bana kuma da bijimin aro aka yi huɗa, aka biya da dawa.

A kundin da ya kai daga baya babu adadi guda na shanun Bogo. Akwai uku: na tikiti, na rajistar malamin dabbobi, da nasa na bakin ƙofa. Ba su yi daidai da juna ba. Ya rubuta yadda aka sami kowanne, da watannin da ya shafa, da inda yake ganin kowanne ya rage ko ya ƙara. Ran karewa ɗaya daga cikin malaman ya ce jerin littattafansa ya yi gajere, ya kuma tambaya yaya aka yi sunan dillalin da bai taɓa shiga aji ba ya zauna a shafi ɗaya da na farfesoshi. Saurayin ya amsa cewa duk abin da yake cikin jerin ya riƙe shi da hannunsa ya karanta, dillalin kuwa ya rubuta ranar da suka yi magana da wurin, ya kuma nuna inda ya gwada maganarsa da ta waɗansu. Aka ba shi maki mai kyau, ba mafi girma ba. Kawun yana zaune a baya cikin babbar riga, bai ji Faransancin ba, sai da aka ambaci sunansa ya gyara zama.

Ya kai kofi guda ɗakin karatu kamar yadda doka ta ce. Dattijuwar ta buga masa hatimi, ta rubuta shi a rajista, ta kuma nuna masa cewa tsohon rahoton nan mai cin gara yanzu yana da lamba, yana kan kanta. Sauran kwalayen suna nan yadda suke. A ƙarshen shekarar ta bar aiki.

Bayan wata takwas, yana koyarwa a wata makarantar sakandare, wayarsa ta yi ƙara da dare. Wani ɗalibi ne da bai sani ba, ya ce ya sami kundinsa a filashi, shi ma a kan cinikin dabbobi yake rubutu.

"Yaya, na ga adadi uku a babi na huɗu. Wanne zan ɗauka? Ɗaya nake so."

"Ka karanta shafukan da suke gabansu?"

"Babu su a kofin da na samu. Daga shafi na 60 ya fara."

Saurayin ya yi shiru kaɗan. Sa'an nan ya gaya masa lambar kantar da cikakken kundin yake, da lambar tsohon rahoton. Ya ce in ya gama karanta su ya hau motar Bogo ran Laraba da yamma, kada ya bari sai Alhamis, ya tambayi gidan kawunsa a bakin kara, ya kuma taho da malafa da takalmin da ba ya jin tausayinsa.